Waƙoƙin da Kawu Maigadi Ya Bar Mini

A shekarar 2009 ina da 'yar rumfa a Sakkwato, daf da inda motocin Illela ke lodi. Sana'ata cajin waya da tura waƙa. Jarina bai wuce teburi ɗaya ba, da allon soket, da ƙaramin janareta, da wata tsohuwar kwamfuta da na saya a hannu. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a wancan lokaci data ba ta kowa ba ce. In kana son waƙa, memori za ka zaro daga bayan batir ka miƙo mini, in cika maka shi da waƙoƙin fim, ko wa'azi, ko karatun Alƙur'ani, ka biya ka kama gabanka. Wanda ba shi da ko sisi kuma sai ya raɓi abokinsa su kunna Bluetooth.

Mahaifina malamin zaure ne, kuma bai so wannan sana'a ba. Da ya ga na nace, sai ya gindaya mini sharaɗi biyu: kada in tura wa kowa abin batsa, kada kuma kiɗa ya sa in makara salla. Na riƙe su duka biyun har ranar da na tashi daga rumfar.

A bayan rumfata akwai wani sito na siminti, maigadinsa Ba'abzine ne daga yankin Abalak a jihar Tahoua. Mu dai Buzu muke cewa. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, saboda haka Kawu nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ɗan Malam. Dogon mutum ne marar yawan magana, ban cika ganin bakinsa ba sai in zai kurɓi shayi ya ɗan sassauto rawani. Kullum bayan magariba sai ya zo da wata ƙaramar Nokia da aka ɗaure da kyauro, ya ce, "Ɗan Malam, sa mini wagga ta sha wuta." Tun ina karɓar kuɗinsa har na ji kunya na daina. Shi kuma bai yarda ya ci bashin alheri ba, sai ya mayar da biyan shayi. In na kashe janareta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai in zagaya wurinsa in tarar ya hura gawayi ya ɗora 'yar shuɗiyar butarsa. Zagaye uku ake yi, na farko da ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma ba a tashi sai an gama.

Wani dare cikin hunturu ya zo mini da memori a ƙulle cikin takardar sukari. Na wani ɗan'uwansa ne da ya zo daga Tahoua, zai juya da asuba, yana so in kwafe masa abin da ke ciki kafin nan. Na sa a kwamfuta. Yawancin fayilolin ba su da suna, lambobi ne kawai. Na kunna ɗaya don in tabbatar ba ta lalace ba.

Har yau in na tuna, sai in ji sanyin daren nan a tafin hannuna. Jita ce marar wuta, ana kaɗa ta a hankali, tana zagayawa tana dawowa wuri ɗaya kamar raƙumi a bakin rijiya. A ƙarƙashinta akwai ganga irin ta fiyano, wadda duk mai tura waƙa ya haddace saboda waƙoƙin fina-finanmu. Sannan murya ta shigo, an bi da ita ta cikin na'urar nan da ke sa murya ta riƙa karkarwa tana lanƙwasa, irin yadda mawaƙanmu na situdiyo ke yi. Komai na sani, amma ban taɓa jin an haɗa su haka ba, kuma ban ji ko kalma ɗaya ba domin da Tamashek, harshen Abzinawa, ake yi. Ji na yi kamar na ga ɗan unguwarmu ya naɗo rawanin Abzinawa yana yi mini magana da wani harshe.

Na ce, "Kawu, wane ne wannan?"

Ya ce, "Wani yaro na, na wajenmu. Bahago ne." Ya faɗi sunan, amma ta cikin rawani, sai kunnena ya ji kamar Mudi ko Madu. Ban sake tambaya ba. Na buɗe wa waƙoƙin wuri a kwamfutata na rubuta "Na Kawu". Wannan sakaci nawa shi ya sa na yi shekara goma sha biyu ban san sunan mawaƙin da na fi so a duniya ba.

Daga ranar suka zama abokan shayinmu. Mukan ɗora wayarsa cikin kofin silba don sautin ya ƙara fitowa. Na sha tambayarsa me ake faɗa, sai ya ce waƙoƙin bege ne, na saurayin da aka raba da wadda yake so. Wata rana da na matsa, ya koya mini kalma ɗaya, asuf. Ya ce ita ce sunan da suke kiran irin wannan kiɗa na jita, kuma ita ce sunan abin da kiɗan ke taɓowa. Na ce kewa ke nan. Ya girgiza kai. Ya ce kewa ta wani mutum ce ko wani gari, ita kuwa wagga, ita ce abin da ke kama ka cikin daji da dare in wuta ta mutu, ka duba gabas ka duba yamma ba kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi a tsakiyar Sakkwato yake jin ta, duk da hayaniyar tasha. Sai a daren na lura cewa mutumin da nake shan shayinsa kullum yana da mata da 'ya'ya huɗu da bai gani ba fiye da shekara.

Na shiga zuba waƙoƙin nan a memorin mutane a matsayin gyara, ba tare da sun tambaya ba. Wasu su dawo su ce in goge musu wannan yaren, wasu kuma, musamman direbobin Illela da Ƙonni, su dawo su ce ko akwai saura. Akwai direban da ya ce mini ita yake sawa in ya taso da dare don ba ta sa barci kuma ba ta sa gudu.

Daminar 2009 ba ta yi kyau a Nijar ba, shekarar 2010 ta zo da yunwa da mutuwar dabbobi. Aka aiko wa Kawu cewa bisashensu na faɗuwa. Ya haɗa 'yan kayansa a buhu, ya bar mini butar shayin ya ce in ajiye masa. Na raka shi mota. Daga baya ya kira ni sau biyu, na biyun yana ce mini abin da ya rage bai isa riƙe gida ba, zai bi ta Agadas ya haura Libiya neman aiki. A farkon 2011 yaƙi ya ɓarke a can. Lambarsa ta daina shiga. Sai bayan fiye da shekara wani ɗan garinsu da ya zo gadi ya ba ni labarin cewa Allah ya yi masa rasuwa a can, rashin lafiya ce ta kama shi a lokacin da ba asibitin zuwa, kuma a can aka rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A daren da na ji, na kasa barci. Na zauna a zaure na sa waƙoƙin a hankali, hawaye na zuba. Ban ji fitowar Malam ba sai ganinsa na yi tsaye a kaina da buta. Na yi sauri zan kashe, domin ban taɓa kunna kiɗa a gidansa ba. Ya ɗaga mini hannu. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Me yake faɗi?" Na ce ban sani ba, Baba, na maigadin nan ne da ya rasu. Ya ce, "To, in ta ƙare ka tashi ka yi alwala ka yi masa addu'a, ita za ta iske shi." Washegari bayan asuba ya sa almajiransa suka yi wa Kawu addu'a, mutumin da sau ɗaya tak suka taɓa gaisawa.

Sana'ar tura waƙa ta mutu a hankali da manyan wayoyi suka yawaita. Kwamfutar ta lalace a 2014, mai gyara ya ce ba abin da za a iya cirowa. Waƙa uku suka rage mini a wata tsohuwar waya, ita ma aka zare ta daga aljihuna a kasuwa. Na koma sayar da kayan sola, na yi aure, na haihu. Na sha rubuta Mudi da Madu da "waƙar Buzaye" a intanet, ba abin da ya fito sai wasu daban. Na ji Tinariwen na Mali, na ji Bombino na Agadas, na kuma ji daɗinsu, amma ba su ne ba. Abin da ya rage mini shi ne amon, ina yin sa da hanci in ina ɗaura batir.

A 2021 ƙanena da ke jami'a ya zo shago yana nuna mini wani bidiyo a YouTube, wai in ga ɗan Nijar da ke rikita Turawa da kiɗan rok. Na ga dogon mutum cikin rawani da babbar riga, da jitar lantarki, ganguna na gudu kamar an kora doki, shi kuma yatsunsa na bin wayoyin jitar har tana kuka. Ban ji alamar na san wannan kiɗa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda ya riƙe jitar. Bahago ne. Na ce wa yaron, karanta mini sunansa. Ya ce Mdou Moctar. Gabana ya faɗi. Na ce ya nemo mini tsofaffin waƙoƙinsa, mafi tsufa da zai samu. Ya yi ta latsawa har ya kai ga wani kundi mai suna Anar, ya kunna.

Na zauna a kan kwalin batir. Akwai mai sayayya a tsaye, ban san lokacin da ya tafi ba.

Da na dawo hayyacina, ƙanen nawa ya karanta mini bayanin kundin, sai ga wani abin da ya fi na farko girgiza ni. A Sakkwato aka ɗauki waƙoƙin nan, a 2008. Wato saurayin ya tsallako iyaka ya zo garinmu, ya shiga situdiyo irin na masu waƙoƙin fim ɗin Hausa, aka yi masa aiki da kayan aikinmu, waƙoƙin suka koma arewa cikin wayoyin mutane, suka zagaya hamada, sannan suka dawo mini a ƙulle cikin takardar sukari. Shi ya sa tun daren farko na ji kamar na san su. Tun daga ranar, duk situdiyon da na wuce a garin nan sai na waiwaya na dube shi.

Daga nan na bi tarihinsa kamar mai bin sawun ɓatacciyar dabba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Azawak ne a jihar Tahoua, ƙasar su Kawu. Gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, har jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Wannan ya taɓa ni, don na san irin gidan, a cikinsa na tashi. Anar kuwa ba a fitar da shi a kasuwa ba a lokacin, daga waya zuwa waya ya yaɗu, ta hannun irinmu masu rumfa. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine, a memorin mutane a arewacin Mali, ya sa ta a wani faifai na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Shi ma sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai ita. A 2014 ne kamfanin ya buga Anar a faifai, shekara shida bayan an ɗauke shi.

Duniya ta san Mdou Moctar ne da manyan kundayensa: Ilana na 2019, da Afrique Victime na 2021 wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar, da Funeral for Justice na 2024. Ba na raina su ko kaɗan. Mutumin da ya tsaya gaban Turawa ya faɗa musu abin da Faransa ta yi wa ƙasarsa, ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit amma yawancin ƙauyukanta ba wuta, ya cancanci a jinjina masa. In ina son jinina ya motsa, su nake sawa. Amma in an tambaye ni, waɗannan kundaye na fili ne, na taro, an yi su don a ji su daga nesa. Waɗanda nake ƙauna su ne waɗanda ba a cika ambata ba, inda yake kamar yana zaune a tabarma ɗaya da kai.

Na lura masu rubutu a kansa daga waje sukan ɗauki Anar kamar wani abin mamaki na ƙuruciya, wai ga gwanin jita ya taɓa yin waƙa da na'urar lanƙwasa murya kafin ya gano hanyarsa. Ni ban yarda da wannan ba sam. Wanda ya tashi da waƙoƙin situdiyon Kano da Kaduna da Sakkwato ya san na'urar nan ba don ɓoye rauni kawai ake sa ta ba, ado ce, kamar yadda mai algaita ke karya sauti. A Anar ta yi wani aiki na daban. Muryar saurayi ce mai taushi, na'urar ta sa ta zama kamar tana zuwa daga nesa, iska na kaɗa ta, kamar kiran da ka ji cikin barci. Jitar kuma ba ta gaggawa, ba ta nuna gwaninta, ta bar wa muryar fili. In akwai inda asuf ɗin da Kawu ya kwatanta mini ya zauna daram a cikin aikin mutumin nan, to a nan ne. Kuma ina alfahari cewa hannun Bahaushe na cikinsa.

Bayan shi sai Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaraden. Wani ɓangarensa jita ce marar wuta da tafi da muryoyin abokai, wani ɓangaren kuma jitar lantarki ce ta cikin lasifikar da aka ƙure har tana tsagewa, irin ta gidan biki. Ba a goge shi ba, ba a yi masa kwalliya ba. In ka sa abin ji a kunne, sai ka rantse ƙura na shiga hancinka. Sousoume Tamachek na 2017 kuwa shi kaɗai ya yi shi, ya kaɗa wannan ya dawo ya ɗora wancan, kuma shi nake sawa in yara sun yi barci. Akwai kuma ƙananan kundaye biyu da suka fito a 2022 da sunan Nijar, waɗanda aka tattaro daga abin da aka ɗauka a gida, wajen bukukuwa da wajen gwaji. A nan za ka ji waƙoƙin da ka sani daga manyan kundayen, amma a sake, suna tafiya yadda suka ga dama, ba mai duba agogo.

Har bidiyoyin biki da mutane suka ɗauka da waya nake nema. Hoton duk ya dushe, ƙarar janareta na gasa da jita, mata na guɗa, samari sun yi da'ira suna taka rawa da manyan riguna, wani yaro ya gifta gaban mai ɗauka. Matata takan ce, "Maigida, me kake gani a wannan abin da ko fuska ba a ganewa?" Nakan ce mata ina duba ko zan ga mai kama da Kawu. Kuma gaskiya ce, ina dubawa.

A ƙarshen Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Mu a Sakkwato mun ji a jikinmu, tashar Illela ta yi tsit, 'yan'uwa na wancan gefe muna wannan gefe. A daidai lokacin Mdou da abokan kiɗansa suna yawon wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe musu. Cikin wannan zama ne suka shiga situdiyo a New York suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar wuta, abin da ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice. Da na saurare shi, na ji muryar ta manyanta, ta yi nauyi, amma zaman da ke cikinta shi ne dai na wancan saurayi da ya zo Sakkwato. Mutum ne a garin da ba nasa ba, yana waƙa da fuskarsa a gida.

Butar Kawu tana nan a shagona. Watannin baya aka kawo sabon maigadi layinmu, wani matashi daga wajen Cintabaraden, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Yakan kawo wayarsa in sa masa a sola. Wani dare na ce ya zo mu yi shayi, na ɗauko butar, shi ya hura gawayin don ya fi ni iyawa. Da aka zuba na farko, na kunna Anar ban ce masa komai ba. Ya tsaya da kofi a hannu. Can ya ce, "Baba, ina ka samu wagga? Innata na da ita a waya tun ina ƙarami." Na ce masa labarin da tsawo, ya bari sai an zuba na biyu.

Ya ce in tura masa. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta hawa intanet, saboda haka Bluetooth muka kunna. Muka ajiye wayoyin biyu gefe da gefe a kan tabarma, layin na tafiya a hankali, shi kuma ya ƙara sukari ya mayar da butar kan wuta.